Ranar da Na Tuɓe Takalmi a Tsakiyar Gudu

Akwai wata safiya a Ikara da ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Shekaru sun shuɗe, wanda ya yi mini abin ma Allah ya yi masa rasuwa, na kuma yafe masa kamar yadda addini ya umarta. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru, domin ba na son labari a hargitse.

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Dandamisa. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, sai yayansa, wanda muke kira Baffa, ya riƙe mu, ni da Inna da ƙannena mata uku. Shi ya tsaya mini har na gama sakandare. Shi ya koya mini noman rake, shi kuma ya koya mini gaisuwa. A gidanmu gaisuwa tana da ƙa'ida. In ka hango babba, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi, kuma ba ka tashi sai ya sallame ka. Baffa bai taɓa dukana a kan aikin gona ba, amma ya taɓa zane ni da tsumagiya a gaban mutane don na gaida wani dattijo a tsaye.

Tun ina makaranta ba ni da burin da ya wuce aikin ɗan sanda. Sau biyu na nema. Karon farko takardar shaidar haihuwata ce ta ba ni matsala. Karo na biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni ana saura kwana biyu a tantance mu. Karo na uku shi ne na ƙarshe, domin in wannan shekarar ta wuce, shekaruna sun haura iyakar da aka sa, ko zuwa na yi ba mai duba takarduna.

Saboda haka na shirya da gaske. Wata huɗu cur, kullum in an idar da sallar asuba sai in ɗaura kambas, in bi hanyar da ta ratsa gonakin rake har bakin kwalta, in juyo. A ƙauyenmu babban mutum ba ya gudu sai in an koro shi, don haka na sha ba'a. Mata masu zuwa ɗiban ruwa su ce, "Lafiya dai? Wa ya biyo ka?" Wani tsoho mai saran rake kuwa kullum in na gifta sai ya ɗago kai ya ce, "Ɗan sanda, yau ma ɓarawon ya tsere maka?" Ban kula kowa ba. Sau ɗaya a mako nakan haɗu da wani abokina mutumin ƙauyen Taba a Makarfi, mu gwada ƙafa. Shi ma aikin yake nema. Bai taɓa riga ni ba ko sau ɗaya, sai dai ya biyo ni yana haki yana cewa, "Kai ka saki fuska mana, gudu ake yi, ba awaki suka shiga gonarka ba."

Ana saura kwana uku na je wurin Baffa neman izini. Na same shi a zaure yana wasa adda. Na durƙusa na zayyana masa komai: an haɗa mu matasan Ikara da Makarfi da Kudan a wani fili a Ikara, za a fara duba takardu, sannan a auna tsawo da faɗin ƙirji, sannan gudu.

"Ta wace hanya za ku bi?" in ji shi.

Na ji daɗi ya tambaya. Na kwatanta masa hanyar da kyau, domin ita aka bi a shekarar da ta gabata, har da kwalbatin da ake juyowa da lokacin da ake tashi. Ya shafa bakin addar da babban yatsa ya ce, "To. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Kuskurena na farko ke nan. A wurinmu babba ba ya cika cewa a'a kai tsaye. In ya yarda zai ce maka je ka, Allah ya ba da sa'a. In ya tsaya a kan abin da Baffa ya faɗa, to bai yarda ba, jira yake ka gane da kanka. Na san wannan sarai. Na ji abin da nake so in ji ne kawai, na yi godiya na tashi.

Ranar gwaji komai ya tafi daidai. Takarduna sun cika, tsawona ya kai, aka manna mini lamba a ƙirji. Mun haura mutum ɗari biyu. Wani jami'i ya hau kan tebur ya yi mana bayani: za mu fita ƙofar fili, mu bi kwalta har kwalbati, a can za a shafa wa kowa tawada a hannu, mu juyo. Mutum arba'in na farko da suka shigo su ne za su ci gaba. Daga nan za a ja igiya a ƙofa. Na sunkuya na ƙara wa kowane takalmi ƙulli na biyu, na ja da ƙarfi, don kada igiyarsa ta kwance mini a hanya.

Aka busa usur. Na bar masu zafin kai suka yi gaba, domin na san ba za su kai ko'ina ba. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa wuce su, wasu sun dafe ciki, wasu sun koma tafiya. Da aka shafa mini tawada a kwalbati ni ne na bakwai, abokina yana bayana kaɗan. Numfashina bai ko sauya ba. A raina har na fara ganin kaina cikin kaki.

A hanyar dawowa, ana saura kamar kilomita ɗaya a kai fili, akwai wata bishiyar mangwaro a bakin kwalta. Da muka fita ba kowa a wurin. Da muka juyo sai ga benci, ga dattawa uku a kai. Baffa ne a tsakiya cikin farar rigarsa ta Juma'a, limamin ƙauyenmu a damansa, mai unguwarmu a hagunsa. Baffa ya ɗaga hannu ya kira sunana. Bai ma ɗaga murya ba.

Mutane sun sha tambayata me ya sa ban ɗaga masa hannu na wuce ba. Gaskiyar ita ce ban yanke shawarar tsayawa ba. Kafin in yi tunani ƙafafuna sun kai ni gindin bishiyar, gwiwata ta taɓa ƙasa.

"Baffa, ina kwananku."

Bai amsa ba. Ƙafafuna ya zuba wa ido. Na gane abin da yake nufi. Na kama kwance ƙullin da ni da kaina na ɗaure tamau, zufa tana shigar mini ido. A bayana ina jin takun mutane a kan kwalta, ina ƙirgawa. Takwas, tara, goma. Abokina ya zo wucewa ya ce, "Kai, me kake yi a nan? Tashi mana." Bai tsaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai da na ajiye takalman gefe sannan Baffa ya amsa. Ya tambayi kwanana, ya tambayi gajiya, ya tambayi yadda na iso. Sannan ya ce, "Ba ka ga malam ba ne?" Na juya na gaida liman, shi ma ya bi gaisuwar tun daga farko. Na juya ga mai unguwa, shi kuma ba ya ji sosai, kowace kalma sai na maimaita. Ƙirgata ta kai ashirin da biyar.

"Baffa, gudu muke yi, ana ƙirga..."

"Na gani ai, ina da ido. Jiya ka rufe bakin ruwan gonar fadama kafin ka taho?"

"Na rufe."

"Masu saran raken fa, ka gaya musu ranar?"

"Na gaya musu, Baffa."

Na yunƙura zan miƙe, sai ya ce, "Malam, a yi wa yaron nan addu'a, tunda ga shi Allah ya haɗa mu." Liman ya ɗaga hannu. Wa yake tashi ana addu'a? Na ɗaga nawa hannun mai tawada, ina cewa amin, ina jin takun mutanen da na wuce tun ɗazu suna wuce ni. A talatin da biyar ƙirgar ta kuɓuce mini. Ban san abin da liman ya roƙa mini ba, kuma Allah ya gafarta mini, ban taɓa cewa amin da baƙin ciki irin na ranar ba.

Da aka shafa addu'a, Baffa ya ce, "To, je ka."

Ban tsaya sa takalmi ba. Na kwashe su a hannu na zuba a guje, tsakuwa tana sukar tafin ƙafata. Ban taɓa gudu irin wannan ba. Na wuce mutum biyar ko shida. Ina hango ƙofar fili, ina ganin jami'ai biyu suka ja igiya. Mutum biyu ne a gabana da su ma aka tare. Ni ne na arba'in da uku.

Jami'in da ya yi mana bayani ya dubi lambar ƙirjina, ya dubi takalman da ke hannuna. "Ba kai ne aka ce kana sahun gaba ba? Faɗuwa ka yi?"

"A'a, yallaɓai. Gaisuwa na tsaya yi."

"Gaisuwa?" Waɗanda ke kusa suka tuntsire da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Mu waɗanda suka shigo muke ƙirgawa." Bai zalunce ni ba. An faɗi ƙa'ida tun farko, kuma ita aka bi. Abokina ya shiga a na goma sha ɗaya. Yana cikin aikin har yau.

Da na isa gida Inna ta dubi ƙafafuna da suka farfashe, ta ɗora ruwan zafi. Abin da aka faɗa a gari shi ne Baffa ta'aziyya ya je yi Ikara, suka zauna hutawa a inuwa. Kwana shida ina ƙoƙarin yarda da haka. A na bakwai na tambayi mai unguwa gidan da suka je ta'aziyyar, sai ya kama sosa ƙeya yana cewa shi dai an ce ya raka ne.

Na sami Baffa a gona, wurin da ake dafa mazarƙwaila. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya koya mini. Sannan na ce, "Baffa, wa ya rasu a Ikara?"

Ya ci gaba da juya ruwan raken da ke tafasa. Can ya ce, "Ba wanda ya rasu."

"To me kuka je yi?"

"Na je in ga ko ina da ɗa. Na kuwa ga ina da shi." Ya ajiye muciyar. "Kai kaɗai ne namiji a ɗakin uwarka. In ka tafi wa zai riƙe gonar ubanka? Ɗan gidan maƙera da ya sa kaki aka kashe shi, ko gawarsa uwarsa ta gani?"

"Da kun ce mini kada in je."

"Da na ce, za ka ji?"

"Ban taɓa ƙin jin maganarku ba, Baffa."

"Za ka ji, amma ka riƙe ni a zuci. Yanzu kuwa ka je, ka gwada, Allah bai yi ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi ƙona mini rai, har yau kuma ita ce. Ya ɗauko benci, ya ɗauko liman da mai unguwa tun daga ƙauye, ya zaɓi inuwa a hanyar da ni na kwatanta masa, sannan ya ce Allah ne bai yi ba. Ban ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Da ya zaunar da ni a zaure ya faɗa mini, da na yi kuka na haƙura, ko in roƙe shi har ya sauko. Ya san abu ɗaya ne a duniya ba zan iya ba, wato in wuce shi a tsaye, domin shi ya dasa mini hakan da tsumagiya. Da shi kuwa ya kama ni, a gaban mutum ɗari biyu.

Ban ɗaga masa murya ba. Na ce, "A tashi lafiya," na jira ya sallame ni, na ɗauki takalmana. Na riƙe gonar, na aurar da ƙannena, kuma na gaishe shi kowace safiya har ranar da ya bar duniya. Sai dai daga wannan rana ban sake kai masa wata shawara tawa ba, kuma ya lura. Yana jinyar ajali ya ce da Inna na zama baƙo a gidan.

Abu biyu na koya. Na farko na yara ne: in ka je neman izini wurin babba, kada ka tashi sai ka ji e ko a'a da kunnenka, ko da za ka wuni a durƙushe. Na biyu namu ne da muka zama manya yanzu. Ladabin da yaro yake maka amana ce ya ba ka, ba don ka ɗaure shi da ita ba. In ba ka son abu, buɗe baki ka faɗa masa, ka ɗauki nauyin maganarka. In ka bi ta bayan gida ka kama shi da ladabinsa, zai ci gaba da durƙusa maka har ka mutu, amma ba za ka ƙara sanin abin da ke ransa ba.