Gwangwanin da Baba Ya Aiko Mini Guangzhou

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu a wata jami'a a Guangzhou, na faɗa wa mahaifina wata magana a waya wadda na ɗauka ta raba ni da shi ke nan har abada. Yau ina iya ba da labarin har in yi dariya, amma a lokacin ko abinci ba ya wuce mini.

Mahaifina fasto ne a wata 'yar majami'a a gefen Kano. A gidanmu, kafin yaro ya iya ɗaure igiyar takalminsa ya iya jera kwanaki shida na halitta, daga haske har zuwa mutum. Baba yana da wata takarda a cikin Littafinsa Mai Tsarki inda ya lissafa shekarun duniya tun daga Adamu, ya samu dubu shida da 'yan kai. Da na samu gurbin karatu a China, ni ilimin haɗa magunguna nake so, shi kuma ya dage sai ilimin ƙasa da duwatsu. Ya ce akwai aiki a harkar ma'adinai. Ban yi musu ba, don ba a saba musu da shi ba.

Ba wai ban taɓa jin maganar miliyoyin shekaru ba. Na ji a sakandare, na haddace, na rubuta musu abin da suke so, na baro shi a ɗakin jarrabawa. Ban taɓa ɗaukarsa gaskiya ba.

Shekarar farko Sinanci kawai muka koya. A ta biyu aka shiga da mu ɗakin gwaji. Malamarmu wata dattijuwa ce 'yar ƙarama, mai magana a hankali. Ta miƙo mana wani dutse ruwan toka, a jikinsa akwai shatin wata halitta mai kama da kyankyaso, ta faɗi shekarunsa. To, Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga, kullum lissafinsu yana rikita ni, sai na ɗauka kunnena ne. Na ɗaga hannu da ƙarfin hali na ce, “Laoshi, dubu huɗu kika ce?” Laoshi shi ne malam a bakinsu. Ta yi murmushi, ta je allo ta rubuta huɗu, ta fara jera sifili. Ina kallo tana ƙarawa, tana ƙarawa, har takwas. Shekara miliyan ɗari huɗu. Dutsen yana tafin hannuna, na ji ya yi mini nauyi kamar an ɗora mini turmi.

Bayan darasi na bi ta ofis da hujjata a shirye. Na ce mata ruwan tsufana na zamanin Nuhu ne ya binne waɗannan halittu, duka a lokaci guda. Na zaci za ta yi mini dariya. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, “Ban san littafinku ba, ba zan yi magana a kansa ba. Amma kada ki yarda da ni. Ki zo ki auna da kanki.”

Na kuwa je, da niyyar in kama su da ƙarya. Wata uku ina bin ɗaliban da ke gaba da ni, ina kallon yadda ake niƙa dutse, ake auna abin da ya rage a cikinsa na sinadaran da ke narkewa a hankali. A auna ta wannan hanya, a sake ta wata hanyar daban, amsa ta fito kusa da juna. Ni da na je kamun ɓarawo, sai na dawo ban san inda zan sa kaina ba. Na daina zuwa zumuntar da mu ɗaliban Afirka muke yi ran Lahadi. Sai in shiga jirgin ƙasa in sauka unguwar Liwan, in yi ta yawo cikin tsofaffin lunguna har lokacin sujada ya wuce. Addu'a ma idan na fara sai in ji kamar ina magana da silin.

Kowace Lahadi Baba yakan kira ni idan ya sauko daga sujada, lokacin mu a can magariba ta yi. Ran nan ya ce, “Uwata, me suke koya muku ne yanzu?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi niyyar in ce lafiya lau kamar kullum. Sai kawai na ji bakina yana cewa, “Baba, duniya ba shekara dubu shida ba ce. Na gani da idona. Lissafin nan naka ba daidai ba ne.”

Ina jin kukan akuya a bayansa, ina jin numfashinsa. Can ya ce, “To.” Ya kashe wayar.

Lahadi ta zagayo bai kira ba. Ta biyu ma haka. Na kira mahaifiyata, ta ce, “Ke me kika faɗa wa babanki? Tun ranar ba ya cin abincin kirki, yana ɗaki yana ta binciken tsofaffin akwatuna.” Ban iya gaya mata ba. Na gama yanke wa kaina hukunci: za a ce in tattaro in dawo gida, ko a ce kada in ƙara tako gidan. Har na fara duba kuɗin jirgi.

Cikin mako na uku sai ga wayar Alhaji maƙwabcinmu, wanda ke zuwa Guangzhou sarin kaya yana kaiwa kasuwar Kano. Shi da Baba sun fi shekara ashirin katanga ɗaya, shi da masallacinsa, Baba da majami'arsa, ba a taɓa jin kansu ba. Ya ce, “'Yar Fasto, ina kasuwar Canaan. Ki zo, akwai saƙonki.”

Na same shi a wani shagon riguna yana ciniki da kalkuleta, mai shagon tana ta girgiza kai tana cewa meyo, wato babu. Ya bar ta, ya jawo ni gefe kan wata dilar kaya, ya buɗe jaka. Ya fito da kuka, da daddawa, da yaji, duk daga Mama. Sannan ya fito da wani tsohon gwangwanin madara da ya yi tsatsa, an ɗaure murfinsa da tsumma.

“Wannan kuma babanki ya ce hannu da hannu. Har a filin jirgi sai da aka sa na buɗe. Na ce musu duwatsu ne, suka dube ni kamar mai taɓin hankali. Mutum ya ɗauko dutse daga Kano ya kawo China!”

Na kwance tsumman. Na zaci wasiƙar kora ce. Sai na ga katantanwa guda uku da suka koma dutse, da wani haƙori baƙi mai tsini, tsawon ɗan yatsana. Na san irinsa, mun gani a aji. Haƙorin babban kifin teku ne. A ƙasan gwangwanin akwai 'yar takarda da rubutun Baba: ki kai wa malamarku, ki tambayo mini shekarunsu.

Zama na yi a kan dilar nan ban san na zauna ba. Alhaji ya ce, “Lafiya? Ko gado ne ya ba ki?” Na ba shi labari a gajarce. Ya shafa gemu ya ce, “Ai mu ma kwana shida ne a wajenmu. Amma wani malaminmu ya ce kwanan Ubangiji ba irin na kalandar shagona ba ne. Ni dai ɗan kasuwa ne. Kira babanki.”

A nan cikin hayaniyar kasuwar na kira, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

“Baba, a ina ka samo waɗannan?”

Ya ce, “A rijiya.” Sai ya ba ni labarin da ko Mama ba ta sani ba. Yana saurayi, kafin ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi cin rani a ƙasar Sakkwato yana haƙar rijiya. Wata rana yana can ƙasa, gaba goma sha wani abu, digarsa ta fasa wani farin dutse, sai ga katantanwa jere kamar an shuka su. Da ya shiga makaranta ya nuna wa malaminsu, aka ce masa ruwan tsufana ne, ya rufe bakinsa.

“Amma uwata, ni na haƙa ramin nan da hannuna. Yashi, sannan laka, sannan farin dutse, sannan wata lakar, kowanne kwance a kan ɗan'uwansa kamar an shimfiɗa tabarmi. Na san aikin ambaliya, tana cakuɗa komai ne. Wannan ba cakuɗe yake ba. Shekara talatin da wani abu ina hawa bagade ina wa'azin dubu shida, gwangwanin nan yana ƙarƙashin gadona.”

Na ce, “To me ya sa ka kashe mini waya?”

“Tsoro na ji. Ni na tura ki ki karanto mini amsar, da ta zo kuma sai na kasa ɗauka.”

Na tsaya da waya a kunne, masu tura kaya suna yi mini tsawa in ba su hanya, ban ko motsa ba. Ashe ba don ma'adinai ba ne. Mutumin da na ɗauka bai taɓa yin shakka ko ta minti ɗaya ba, ashe tun kafin a haife ni yake ɗauke da tambayar da ta hana ni barci.

Washegari na kai wa malamarmu. Ta sa tabarau, ta juya haƙorin, ta tambayi daga ina. Na nuna mata a taswira. Ta ce ba za ta yanke ba sai an yi gwaji, amma an san teku ta taɓa ratsa wannan yanki, kimanin shekara miliyan sittin da suka wuce. Teku, a Sakkwato! Na kira Baba na gaya masa. Sai na ji ya ce, “Allah mai girma. Ashe ni ne na ƙanƙanta Shi, na sa Shi cikin 'yar takardata.”

Daga baya ya yi mini wani misali. Ya ce lokacin ina ƙarama na tambaye shi wa ya gina gidanmu, ya ce shi ne, kuma bai yi ƙarya ba, ko da bai lissafa mini buhunan siminti da shekarun da aka ɗauka ba. A ganinsa Littafin Farawa haka ya yi da mu. Da na ga ya sauko, sai na zaƙe, na ce to saura maganar juyin halitta, yadda wasu halittu suka fito daga wasu. Ya ce, “Uwata, tsaya. Bari in haɗiye wannan lomar tukuna.”

Har yau bai gama haɗiye ta biyun ba. Muna taɓa gardama a kai idan na je gida, wani lokaci ya ba ni gaskiya, wani lokaci ya ce in tashi in ba shi wuri. Da ya faɗi sabuwar fahimtarsa a majami'a, wani dattijo abokinsa ya fice, bai kuma dawo ba, abin yana damun Baba sosai. Ni kuma na koma sujada, da tambayoyina a hannu, ban ƙara ɓoye su ba.

Idan na tuna wancan lokaci, ba shekarun dutse ne suka fi girgiza ni ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, na yi shekara ashirin a gida ɗaya da mahaifina ban san shi ba. Na yi wata uku ina yawo a titunan Guangzhou ina jin ni kaɗai ce a duniya, ina tsoron mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke damuna. Da na yi shiru don in kare shi, shi ma ya yi shiru don ya kare mu, da har yau kowannenmu yana zaune da nasa a ciki, muna gaisawa lafiya lau.