Ruwan bayan da na hana a ɗiba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Ummaru mai albasa na Jiga Makera. Bana ce shekarar farko da na tuna shi ina dariya.

Ni mutum ne mai fargaba. Ƙofar shagona na ɗinki a Sabon Garin Jega sai na koma na taɓa kwaɗonta sau uku. Baba ba haka yake ba. In yana shakkar buhun albasa, sai ya zaro ɗaya ya yanka, ya duba cikinta, ya huta.

Da mantuwa ta kama shi har ya daina gane hanyar gonarsa, likita ya nemi a ɗebi ruwa kaɗan daga ƙashin bayansa a gwada. Ni na hana. A wajenmu cewa ake yi duk wanda aka ɗebar wa wannan ruwan ba ya sake tsayuwa da ƙafafunsa. Na mai da shi gida. Ya yi shekara biyu yana kirana da sunan ƙanensa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar nake tambayar kaina ko na cuce shi.

Bara yayata, Adda Hajo da ke aure a Maiyama, ta fara ruɗewa, ga ciwon kai. Ta zuba gishiri a kunu, ta mance sunan autarta. A asibiti aka sake kawo maganar ruwan baya. Likitar ta ce ruwan nan shi ne ke kewaye ƙwaƙwalwa, kuma alamun da ke cikinsa kan taimaka a bambanta ciwon mantuwar tsufa da wata cutar da magani ke kashewa. Wannan karon na ce a ɗiba.

Ba mantuwar tsufa ba ce. Ƙwayar cuta ce, aka ɗora ta a kan magani. Ranar sallama na tsaya ina kallon ƙafafunta, ta ce, "Kai Garba, mi kaka kallo? Ɗauko min takalmina, matsoraci!" Da ƙafarta ta taka har bakin titi.

Na tambayi likitar ko da an ɗebi na Baba, da shi ma ya warke. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi min ƙarya ba. Wannan nauyin ina ɗauke da shi, ina roƙa masa gafara, ina roƙa wa kaina.

Amma na san da yana nan da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ashe likitoci ma sana'arsa suke yi.

Makon jiya Adda ta aiko min da albasar gonarta. Na yi ta juya buhun ina shakka. Sai na ɗauko wuƙa na yanka ɗaya. Lafiya lau take, Baba.