Sallama Uku a Ƙofar Kwantena

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin hanya, akwai wata Juma'a da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya, wai tsoho yana leƙa ƙarƙashin gado kamar mai neman ɓera. To, ku zauna ku ji dalili.

A lokacin muna gyaran wata hanya tsakanin Funtua da Malumfashi, ni ne mai kula da sansanin ma'aikata. Ga wanda bai san aikin ba, fili ake karɓa a hannun manomi bayan an kwashe amfanin gona, a kewaye shi da waya, a jera kwantenoni, wato manyan akwatunan ƙarfen nan na zuba kaya. Kowace a fasa mata taga ɗaya, a sa gado biyu, ta zama ɗaki. Banɗaki na langa-langa ne, tankin ruwa ɗaya ne ga kowa. Da rana ƙarfen yakan yi zafin da ba ka iya jingina bayanka da shi. Idan aiki ya yi gaba, sai a kwashe garin ɗungurungum a ɗora a tirela a bi shi. Ni ke riƙe makullai, ni ke raba ɗaki, ni ke raba faɗa a layin ruwa. Ma'aikata suka sa mini suna Sarkin Gida, ni kuma ban ƙi ba, don ina son girma kamar kowa.

Dokar kamfani ta farko ita ce ba mace a sansani. Duk wanda aka kama ya shigo da mace, ko da matarsa ce, a ranar zai bar aiki. Masu sayar da abinci ma a bakin waya suke tsayawa.

Doka ta biyu ni ta shafa. Ranar tashi, ƙa'ida ita ce in shiga kowace kwantena da ƙafata in duba, in rufe taga da murfinta na ƙarfe, in datse ƙofa da kwaɗo ta waje, in sa hannu a takarda, sannan motar ɗaga kaya ta ɗauka. Amma ni ba haka nake yi ba. Ni mutumin Maska ne, a gidanmu ba a faɗa wa ɗakin wani. Sai in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama sau uku, in ba a amsa ba in ja ƙofa in kulle in sa hannu. Na yi shekaru a haka ba abin da ya faru, har ina ganin na fi wanda ya rubuta dokar hankali.

An sa za mu tashi ranar Litinin. Cikin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ranar Juma'a da hantsi, ma'aikata duk suna can bakin aiki, sai Injiniya, wanda shi ne babba a wurin, ya kira ni.

"Sarkin Gida, motar ɗaga kaya ta zo yau, gobe tana da wani aiki. A fara da layin gabas."

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu ɗakunan ba sa nan, kayansu na ciki."

Ya ce, "Kayansu za su riga su isa. Kai dai kulle."

Ɗaki na biyu a layin gabas na Isiyaku ne, direban rola, motar daddanne titi, mutum mai shiru-shiru. Abokin kwanansa ya bar masa ɗakin makonni uku da suka wuce, wai Isiyaku na minshari. Na kuma ga ya rataya labule a ƙofa, har na tsokane shi na ce gwauro ya fara gayu. Na tsaya a bakin labulen nan na yi sallama. Shiru. Na sake. Na yi ta uku har da ƙwanƙwasa ƙarfe. Ba motsi. Na rufe taga, na ja ƙofa, na danna kwaɗo, na sa hannu. A gabana aka ɗaga kwantenar sama tana lilo, aka dire ta a kan tirela, aka ɗaure da sarƙa. Kafin sha ɗaya motar ta tafi.

Wajen sha biyu da rabi sai ga Yohanna, mai waldarmu, ɗan wajen Malumfashi, ya dawo a babur ɗaukar kayan aiki. Ya tsaya yana kallon filin da kwantenar ta tashi, babur ɗin ma bai kashe ba.

"Baba Sarki, ina ɗakin Isiyaku?"

Na ce, "Ya yi gaba."

"Ita kuma fa?"

"Ita wa?"

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Matarsa na ciki, Baba. Da ciki wata bakwai."

A tsaye, cikin sauri, ya ba ni labari. Ɓarayin daji ne suka tashi ƙauyensu, ba ta da inda za ta, Isiyaku ya shigo da ita a ɓoye kafin ya samu ɗakin haya, da niyyar fitar da ita ranar Lahadi. Kowa ya sani. Kuku yana ƙara masa abinci, masu gadi suna kau da kai, maƙwabta suna ɗebo mata ruwa. Sansanin da nake taƙama sarkinsa ne, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na ce, "Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai ne mai takarda, Baba. In ka sani, ko ka rubuta ko ka yi ƙarya. Hutar da kai muka yi."

Na kira direban tirela, waya tana shiga ba a ɗauka. Na haye bayan Yohanna da makullai a aljihu. Ban san gudun da muka yi ba, abin da na sani ina ta lissafin lokaci a raina: awa biyu, ƙarfe a rufe ruf, ba taga, ba iska. Ni da nake gudun jingina da wannan ƙarfe, ni na rufe mutum a ciki.

A Bakori muka iske motar a gefen titi, cikin tsakiyar rana, direba ya tafi masallacin Juma'a. Muka taka taya muka hau. Sarƙar ɗauri ta bi ta kan ƙofar, sai da Yohanna ya yi ta fama kafin ta saki. Kwaɗon ya ƙone mini hannu. Da ƙofar ta buɗe, zafin da ya fito kamar an buɗe murfin tukunya. Ban gan ta ba da farko. Tana ƙasa, rabin jikinta a ƙarƙashin gado, gadon ya zame ya danne mata ƙafa. Tafin hannunta duk ya kumbura saboda dukan bango, ƙarar mota ta hana kowa ji. Ba ta motsi.

Mata masu sayar da fura a bakin titi ne suka hau suka kama ta, suka yi ta zuba mata ruwa suna fifita. Wata ta ce tana numfashi. Muka tare motar haya zuwa asibiti. Ita ta rayu. Abin da ke cikinta bai rayu ba, da safiyar Asabar ta haife shi ba rai.

Isiyaku bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Baba Sarki, haka Allah Ya so," ya juya fuskarsa bango.

Injiniya ya zauna bincike. Ya tambaye ni, "Ka shiga ɗakin?" Na ce ban shiga ba. "Amma ka sa hannu?" Na ce na sa. Na ɗauka tawa ta ƙare. Sai aka ba ni takardar gargaɗi, shi kuma Isiyaku aka sallame shi, don ya karya dokar shigo da mace.

Kafin a bar ta ta fita daga asibiti na je dubiya. Na tsaya daga bakin ƙofa, na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta fara magana, fuskarta a cikin mayafi.

"Baba, na ji sallamarka. Duk ukun na amsa, a zuci. Maigidana ya ce ko wa ya zo kar in yi motsi, aikinsa ne zai tafi. Da na ji ana rufe taga na so in yi magana, sai na ce bari dai in ƙara haƙuri."

Na yi mata sannu, na fita.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutanen sansani suna rufa wa juna asiri, kuma ba zan ce su daina ba, don da wannan suke rayuwa nesa da gida. Amma wanda aka ba kwaɗo ba shi da ikon jin kunya. Shiga ka gani da idonka, ko da za a ce ba ka da tarbiyya. Ni kunya ta hana ni shiga, ita tsoro ya hana ta fita, wanda bai ji ba bai gani ba shi muka kai maƙabarta a ranar Asabar ɗin. Namiji ne. Ni na ɗauke shi, don uban ya kasa.