Sallar Juma'ar da Anti Balaraba Ta Nema

A wannan watan Anti Balaraba ta cika shekara bakwai da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Na santa ne lokacin da na zo Manchester karatu, na kama ɗaki a Longsight, bango ɗaya ya raba ni da gidansu. Na tarar mijinta, Malam Isyaku, ya daɗe a kwance. Yana cikin koyarwa a jami'a hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe.

Duk wanda ya san gidajen Longsight ya san matakalarsu, siririya, a miƙe kamar tsani, ga banɗaki a sama. Anti Balaraba mace ce 'yar ƙarama, amma na sha ganin ta saƙalo hannun Malam a wuyanta tana hawa da shi, tana ba shi labarin yadda suka kwashe da mahauci, kamar ba ta ɗauko komai ba. Ita ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ce tafinta. Har yau ban gano inda ƙarfin nan yake fitowa ba.

Ciwon baya ne ya kai ta wajen GP, wato likitar unguwa. Da likitar ta ji abin da take ɗagawa kullum, sai ta shaida mata cewa duk mai jinyar nasa a gida yana da haƙƙin council, wato ƙaramar hukuma, ta duba buƙatunsa shi ma, ba na majinyaci kaɗai ba. Anti ta dawo hankalinta a tashe. A zatonta za a zo a gwada ko ta iya riƙe mijinta, in ta gaza a ɗauke shi a kai gidan tsofaffi.

Ta roƙe ni in zauna da ita ranar da ma'aikaciyar council za ta zo. Ta gyara gida tas, ta sa wa Malam kaftani da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Matar ta gaishe shi, sannan ta juya kujerarta ta fuskanci Anti. Ta tambaye ta ko tana samun barci, da yaushe rabonta da fita don kanta.

Anti ta dube ni ta ce, "Gaya mata ni ba carer ba ce, ba 'yar aikin jinya ba ce. Matarsa ce."

Matar ta ce ai duka biyun ne, ta sake tambayarta abin da ita take so. Anti ta ce tana son ta yi sallar Juma'a a masallaci, don rabonta da ita tun kafin Malam ya faɗi. Iyakar abin da ta nema ke nan.

Aka duba buƙatun Malam shi ma, aka kafa masa kujera mai hawa bene da shi, aka samo namijin da zai riƙa zama da shi ranar Juma'a. Na ɗauka hutawa za ta yi. Ashe a sahun mata take lura da waɗanda aka daina gani, ta bi su gida. Wata Asabar ta bar Malam da 'yarsu Nusaiba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, don kawai ta lallashi wata baiwar Allah a Ladywood da ke ɓoye ɗanta mai larura saboda tsoron kada a ƙwace shi.

Kowa ya zaci Anti ce za ta yi wa Malam takaba. Sai Allah Ya ɗauke ta bayan gajeriyar rashin lafiya, Ya bar shi.

Yanzu Nusaiba ce ke jinyarsa. Haihuwar nan ce, da kanta ta kira council, na ji ta a waya da harshen 'yan Manchester tana cewa, "I'm his carer," wato ita ce mai jinyarsa, ba ko ɗar. Da Anti na nan, ina jin za ta fara yi mata faɗan ɗaga murya, daga baya ta zauna tana kallonta da mamaki. Na kuma san ranta zai sosu da yawan matanmu da har yanzu suke ganin neman taimako gazawa ce.

Mu mun iya cewa "sannu da jinya" muna saka takalmi a bakin ƙofa. Matan da Anti ta bi gida ba haka suke yi ba. Sai sun cire mayafi, sun karɓi cokali daga hannun mai jinya, sun ce mata ta je ta kwanta. Allah Ya kai haske kabarinta.