Na Yi Ta Wa'azin Abin Da Na Daina Gaskatawa

Ina roƙon a sakaya sunana. Dā ni fasto ne a wata ikkilisiya da ke gefen Kafanchan. A gidan mai bishara aka haife ni, kuma a wancan lokacin ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan musanci Ubangijina ba.

Abin ya faro ne bayan wani hari da aka kai ƙauyen wasu membobina. Ni na yi jana'izar waɗanda aka kashe. A bakin kabari wata mata da ta rasa miji da ɗa ta riƙe mini riga, ta tambaye ni ko Allah yana kallo lokacin da suke ihu. Na ba ta amsar da aka koya mana, cewa nufinsa ya fi ƙarfin ganewarmu, amma ina faɗa ina jin bakina ne kawai yake motsi. Na yi azumi, na yi kuka a gaban bagade a cikin coci, bangaskiyar ba ta dawo ba. Maimakon in faɗa wa wani, sai na yi shiru. Na ci gaba da wa'azi, ina yin baftisma, ina raba gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji. Duk Lahadi ina tsoron kada wani ya gane ni. Matata ta lura ba na addu'ar abinci sai idan yara na wurin. Da ta tambaya na ce gajiya ce.

Asirina ya tonu ne ranar da wani dattijon ikkilisiya, wanda nake ɗauka kamar uba, ya aika a kira ni yana kwance ba lafiya. Ya kama hannuna, ya kira ni ɗansa, ya ce in gaya masa gaskiya, ko zai ga marigayiya matarsa a can. Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango, ya ce wa 'yarsa ta nemo masa wani fasto. A makon nan ya rasu.

Bayan an binne shi na tara dattawa na gaya musu ban ƙara yarda akwai Allah ba. Wasu suka ce Shaiɗan ne ya shige ni, matasa suka taru a ƙofar gidan fasto suna zagi. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu a Kwoi. Yanzu ina aikin awon citta a Kachia.

Ba na kiran kowa ya bar addininsa. Abin da ke cin raina shi ne mutanen da na yaudara suna ce mini baba. Duk shugaban da shakka ta kama, ya yi magana tun da wuri, ko ya sauka. Kada ya jira sai mai bakin mutuwa ya riƙe hannunsa.