Ɗakin da Ba-Ɗiga Ya Bai Wa Ruwa

Ana ta yaɗawa a cikin dangi cewa ɗan goggona, Ba-Ɗiga mai gyaran famfo, ya auri aljanar ruwa. Wai an gan shi da rana tsaka ana tsuga ruwan sama, ba lema ba takalmi, yana bin ruwa a guje yana watsa masa gari, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Wata innarmu har rantsuwa ta yi cewa amaryar ce ta sa ya gina mata ɗaki dogo siriri marar rufi a cikin sabon filinsa.

To jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ina wurin, ni ne ma na riƙe masa buhun. Ba garin tuwo ba ne, garin katako ne da muka roƙo a wurin kafinta. Maganar ƙasa-ƙasa kuwa kansa yake zagi. Ɗaki dogo siriri dai akwai shi, ban musa ba, amma sunansa magudana, kuma a kan ɗakina aka gina shi. Bari in faro muku daga tushe.

Ba-Ɗiga tun yana yaro ba ya iya ganin abu yana yoyo ya wuce. Bokitin Goggo in ya huje, shi zai narka roba ya liƙe. Butar masallaci, tulun maƙwabta, har hancin ƙannensa in mura ta kama su, sai ya tsaya yana kallo kamar zai nemo abin toshewa. Ni da shi makaranta ɗaya aka sa mu. Ni na kai wani aji na ga ilmin ya ishe ni haka, na sauka lafiya. Shi kuma ya bi wani mai haɗa famfo, ya yi shekaru yana ɗaukar masa jakar sifana, har ya zama ogan kansa. Duk gidan da ya gama aiki sai ya buga ƙirji ya ce, "Aikina ba ya ɗiga." Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa in ta ji haushi.

Sai dai duk wannan bugun ƙirjin na wurin aiki ne. A gida mutum ne mai kunya kamar sabuwar suruka. In ka yabe shi ya sunkuyar da kai, in ka zage shi ya ba ka haƙuri. Shi ya sa nake jin daɗin tsokanarsa, don ba ya ramawa. Ko in ce a da ba ya ramawa.

Ya daɗe a gidan haya, ɗaki ciki da falo, shi da matarsa da yara, ga ni kuma ina leƙowa lokaci-lokaci in kwana biyu, wanda matarsa ke cewa kwana biyuna ya fi watan wasu tsawo. Da Allah ya hore masa sai ya sayi fili a bayan gari, a ƙarshen wani layi mai ɗan gangare. Da rani ya saya, ƙasa a bushe ƙamas, fili shimfiɗe kamar tabarma. Akwai wani ɗan kwari da ya ratsa filin daga kusurwar gaba zuwa ta baya, da yashi mai laushi da tsofaffin ledoji sun taru a ƙarshensa. Ya kalla ya ce yara ne suka yi wasa a wurin.

A ranar ya zana gidan a ƙasa da tsinke. Nan falo, nan ɗakin uwargida, nan na yara, nan kicin, can kusurwa kuma ɗakin baƙi. Ina jin ya ce ɗakin baƙi na je na tsaya a tsakiyarsa, na ce a sa mini taga ta gabas.

Maƙwabciyarsa ta hannun hagu wata tsohuwa ce mai ɗinki, mijinta ya rasu, kowa Iya Mai Keke yake ce mata. Gidanta ya ɗan fi filin ƙasa. Tun ranar farko ta karɓe shi kamar ɗan cikinta. Ita ke ba magina ruwan sha, ita ke korar yara daga kan bulonsa. Da ya sayo siminti bai da wurin ajiya, ta ce ya zuba a ɗakin ɗinkinta.

Kun san halinmu, in mutum ya sayi fili abin da yake fara yi shi ne katanga, don kada wani ya ci masa iyaka. Ba-Ɗiga ya zagaye filin nan ruf, ko ɓera ba zai samu ƙofa ba sai ta get. Sannan ya kira tifa ta yi ta juye jar ƙasa, aka cike ɗan kwarin nan, aka daddaɓe, fili ya tashi ya yi tudu. Ana cikin aikin Iya ta leƙo, da tsinken allura a bakinta.

"Sannu da aiki, ɗana. To ruwan da ke bi ta nan fa, ina zai koma?"

"Iya, ki bar ni da ruwa," in ji shi, yana murmushi. "Ni da ruwa mun saba. Abincina ne."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta koma ciki.

Ni kaina na tafa masa a ranar. Mutumin da ya hau da ruwa bene hawa kan hawa a cikin bututu, wa zai koya masa? Abin da bai tuna ba shi ne, ruwan da ya saba da shi mai ladabi ne, an kulle shi a fayif, in ka murɗa ya zo in ka murɗa ya tsaya. Na sama ba shi da kan famfo.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata la'asar. Duk ruwan layin ya gangaro kamar yadda ya saba tun kafin a haifi Ba-Ɗiga, ya zo hanyarsa ya tarar da katanga. Ya tsaya, ya yi sallama, ba a amsa ba. Sai ya kwashi jar ƙasar da aka bari a bakin get, ya bi jikin katanga, ya sami ƙofar Iya a buɗe.

Washegari da safe muka je, shi yana ta murna zai ga yadda cikonsa ya zauna. Tun daga nesa muka hango igiyoyi a ƙofar gidan Iya, an shanya atamfofi da leshi da yadin mutane, kowanne ya rine ya koma ja. Duk unguwar nan baƙar ƙasa ce. Mutum ɗaya ne ya kawo ja, kuma ga shi a tsaye kusa da ni, bakinsa a buɗe. A bangon ɗakin ɗinki ruwan ya ja layi har gwiwa, kamar an sa rula. Ƙafar keken ta yi caɓa-caɓa. Iya na duƙe tana kwalfar taɓo da faranti.

Tana ɗagowa ta gan shi sai ta saki fuska.

"A'a, ɗana, ka zo? Kada ka damu, simintinka bai jiƙe ba. Da na ga ruwan ya shigo na kira maƙwabta suka ɗora shi a kan gadona."

Muka leƙa. Ga buhunan nan jere a kan gadon tsohuwa, an lulluɓe su da zanen rufarta, a bushe ƙalau. Kayan ɗinkin mutane kuwa, da ke cikin kwali a ƙasa, ba wanda ya samu hannun ɗaukarsu.

Na sha ganin mutum ya ji kunya, amma ban taɓa ganin wanda ya rage tsawo a gabana ba sai ranar. Wallahi da muka zo ya fi ni tsayi, da za mu tafi ina hango tsakiyar kansa. Da zaginsa ta yi, da ya samu abin riƙewa. Ya juya ya hau babur, ya manta da ni a wurin, sai a ƙafa na dawo.

Daga ranar Ba-Ɗiga ya daina bin hanyar filinsa. In aka kira shi aiki a wannan shiyyar sai ya ce ba shi da lafiya. In aka ce "Ba-Ɗiga" a kasuwa sai ya yi kamar da wani ake. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ya aika matarsa da sababbin yadi ta kai wa Iya a madadin waɗanda suka lalace, amma shi ko sunan layin ba ya son ji. Ana haka na ji yana waya da dillali, wai a nemo mai sayen fili ko da faɗuwa ne.

Matarsa na tankaɗe a tsakar gida ta ji. Ta ajiye rariya.

"Sayarwa za ka yi?"

"Da wane ido zan zauna kusa da matar nan? Kullum in fito in gaishe ta?"

"To in ka sayar, katangar za ta bi ka ne? Tana nan inda ka dasa ta. Wanda zai saya bai san Iya ba, bai ajiye siminti a gadonta ba. Kai ka gudu da kunyarka, ita ka bar ta da ruwanka. Ga hadari can yana haɗuwa, sai ka zauna."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Sai ya miƙe ya ɗauki babbar guduma, ya ce da ni, "Ɗan Kawu, tashi ka yi amfani yau." Muka biya wurin kafinta muka cika buhu.

Muna isa ya rufe fuska da hula kamar ɓarawo, ya wuce ƙofar Iya da sauri. Ya fasa katangarsa a kusurwar gaba inda ruwan ya daka, ya zagaya ya fasa ta baya wadda ke kallon babbar kwatar unguwa. Bulon da ya yi ta alfahari da shi, shi ya rushe da hannunsa. Bai gama ba ruwa ya sauko.

Nan ne mutane suka ga abin da suka gani. Ya tsaya a bakin ɓular gaba, yana ɗibar garin katako yana watsawa a kan ruwan, garin yana yawo a sama yana nuna inda ruwan ke so. Yana binsa, yana kafa tsinke duk inda ya lanƙwasa, yana cewa, "Kai dai an yi sakarai. Kai dai an yi jaki." Ni ina biye da buhu a ka, haƙorana suna kaɗawa. Ruwan nan ko kallon cikonsa bai yi ba. Ya bi ta kan tsohon kwarinsa daidai, ya ratsa ta gefen falo, ya shiga tsakiyar ɗakin baƙi, ya fita ta inda na ce a sa mini taga.

Na ce, "Ɗan Goggo, a sake gwadawa. Wataƙila garin ne ba shi da kyau."

Da aka ɗauke ruwan ya zo da siririn tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda ake gane tudu da gangare da shi, ya auna ko za a iya karkatar da hanyar ta bayan kicin. Ya auna nan, ya auna can, ko'ina ya fi ƙofar Iya tudu. In aka matsa wa ruwan ya hau, gidanta zai koma. Ya naɗe tiyonsa, ya sa ƙafa ya share wurin da ya taɓa zana ɗakin baƙi.

A wurin ya haƙa magudana, daga kusurwa zuwa kusurwa, mai faɗi da zurfi, ya jera mata bulo ya shafe da simintin nan da ya kwana a gadon tsohuwa. A bakinta ya sa ragar rodi don tare leda, da ɗan rami da yashi zai riƙa kwanciya a kwashe. Ya sake zanen rufin gidan yadda indararo zai zuba a ciki, ba a jikin bangon kowa ba. Ya zo ya ɗaga dokin ƙofar Iya, amma sai da ya bari ta tafi kai ɗinki. Duk aikin nan in ya ji motsin ƙofarta sai ya faɗa cikin ramin ya duƙa. Ƙato da shi, da gemu.

Rannan ta ritsa shi. Ta tsaya a bakin ramin tana kallon ƙeyarsa.

"Ɗana, gaisuwar ma ka haƙa mata rami ne?"

Ya fito jiki duk taɓo, ya tsuguna a gabanta. Ya buɗe baki, "Iya, ni..." sai maganar ta maƙale. Ya sake, "Iya, kin tambaye ni, na ce..." ta sake maƙalewa. Idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina yau ga Ba-Ɗiga yana ɗiga.

"Na tambaye ka, ga shi ka ba ni amsa," in ji ta, tana nuna magudanar da haɓa. "Ta ɗan yi jinkiri ne kawai. Tashi. Famfon tsakar gidana ya shekara yana yoyo, ina maƙwabtaka da mai gyara, kunya ta hana ni faɗa. Kai ma ka ga inda kunya ke kai mutum."

Ya tashi ya bi ta da sifana, har yana tuntuɓe.

Ruwan da ya biyo baya ya fi na farko ƙarfi. Muna tsaye a ƙofar Iya mu uku, muna kallonsa ya gangaro layi, ya shiga ragar, ya bi ta ɗakina da gudu, ya faɗa babbar kwata. Ƙofarta ko danshi. Ba wanda ya ƙara jin zancen dillali. Yanzu gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, kuma kullum da safe sai ya tsaya ya gaishe ta, duk da har yau ƙasa yake kallo.

Ni ne dai aka bari a rana. Jiya na same shi yana kwashe yashi daga ramin, na tsaya a kansa na ce, "Angon aljana, sannu da hidima. Yanzu fisabilillahi ɗan kawunka guda, jininka, ka ɗauki ɗakinsa ka bai wa ruwan sama? Me ya fi ni da shi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya watsar da shebur ɗin yashi dab da ƙafata, ya ce, "Shi in ya zo na nuna masa ƙofa, fita yake yi."