Durƙuso a Gaban Waya

Shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na yi ta ne tsakanin takardu biyu: wadda Amurkawa suka rubuta da za su rabu da sarkin Ingila, da wadda Faransawa suka rubuta da suka taso wa nasu sarkin. Aikin digirina ke nan, in jera su in ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya. Ta Amurka ta ce Mahalicci ne ya bai wa kowa haƙƙinsa. Ta Faransa ta fi jingina ga al'umma da doka. Amma rijiya ɗaya suka sha, domin masanan zamanin sun ce a bi hankali, kuma ba wanda aka haifa don wani ya mallake shi.

Ni kuwa akwai zafin kai. Da na gano wanda ya tsara ta Amurka yana da bayi a gonarsa, Faransawa kuma ba su saki nasu bayin na tsibirai nan take ba, sai na wasa alƙalami na yi musu tatas, babi guda cur. Malamata, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta ce babin ya yi kyau. Sai dai ta rubuta tambaya da jan biro a gefe: kai ba ka taɓa cin moriyar abin da ka tsana ba? Na ce mata ko kusa, har da ɗaga murya.

A lokacin ni kaɗai nake a wani ɗaki can sama kusa da Titiwangsa. Sai in kwana uku ba wanda ya ce mini sannu, in ban da mai kedai, wato shagon abinci, da ke tambaya ko a nan zan ci ko tapau, a ƙunshe mini in tafi da shi. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Ranar ƙaramar Sallah na yi idi a Kampung Baru, na dawo na zauna zugum. Da la'asar, daidai an sauko idi a gida, ƙanwata ta kira ni ta bidiyo tana zagaya mutane da wayar.

"Yaya, ga Baba. Tun ɗazu yake tambaya wai ko network ɗin yana kaiwa can."

Baba shi ke kula da gandun gidanmu tun kafin a haife ni, kuma ya girmi mahaifina. Kakansa bawan kakan mahaifina ne. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Da aka nufo shi da wayar sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a ƙasa da sabuwar rigarsa.

"Ranka ya daɗe, barka da Sallah. Ya karatu? Ya baƙunta?"

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: wallahi daɗi na ji. Wata da watanni ba wanda ya san ko ɗan wane ne ni, ga shi yau tsoho ya kai gwiwa ƙasa saboda ni. Har na gyara zama a kujera na ce, "Yauwa, Baba," da irin muryar da mahaifina ke amsa masa.

Sai idona ya faɗa kan babin nan a tebur, da jan biron malamata. Kunya ta rufe ni. Na sauko daga kujera da sauri, na durƙusa a kan tayil.

"Baba, ni ya kamata in gaishe ka. Ina kwana?"

Ashe ƙanwata ta riga ta yi gaba, don ta kai wa gwaggo wayar. Hoton ya yi ta rawa, sai ga fuskarta ta cika shi.

"Yaya, me kake nema a ƙasa?"

Can bayanta na hango Baba yana saka takalmansa, ya nufi ƙofa.